Nahawun Zaure da Nahawun Kwamfuta: Sharhi a kan Littafin Sebesta

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce yin sharhi a kan littafin Robert Sebesta mai suna Concepts of Programming Languages, wanda aka fara bugawa a Amurka a 1989, yana kuma cikin littattafan da jami'o'i ke dogara da su wajen koyar da ƙa'idojin harsunan kwamfuta. Za a auna shi ne da ma'aunin ɗalibin da ya tashi a Fagge, ya yi karatun zaure da na boko, kana ya shiga jami'a.

2.0 Abin Yabo

Littafin ya buɗe da amsa tambayar da ake yawan ji a shagunan koyar da kwamfuta na Sabon Gari, wato mene ne amfanin ƙa'idoji ga wanda ya iya harshe ɗaya yana cin abinci da shi. Tarihin da marubucin ya kawo a babi na biyu ya isa amsa. FORTRAN ya fito a 1957, Pascal a 1970, Python a 1991, kowanne da zamaninsa. Wanda ya haddace harshe ɗaya kurum, ran da kasuwa ta juya masa baya sai ya koma ɗan koyo. Wanda kuwa ya san ƙa'ida, sabon harshe ba zai yi masa wuyar kamawa ba.

3.0 Naƙasu na Farko

Marubucin ya kafa ma'aunai huɗu na tantance harshe: sauƙin karantawa, sauƙin rubutawa, aminci, da tsada. Amma bai ba da muhimmanci ga tambayar da ta fi damun ɗalibinmu ba, wato sauƙin karantawa ga wa? An gina COBOL ne musamman don ya yi kama da Ingilishi, kuma kalmomin umarni na akasarin harsunan nan daga Ingilishi aka ɗauko su. Saboda haka abin da littafin ya ɗauka sauƙi ne, ga Bahaushe hawa biyu ne: ya fahimci kalmar, sannan ya fahimci aikinta.

4.0 Naƙasu na Biyu

Babi na uku, mai bayanin ginin jimla da ma'ana, shi ne ƙashin bayan littafin. Marubucin ya ambaci cewa Noam Chomsky, masanin harshe, ya rarraba nau'o'in nahawu a tsakiyar shekarun 1950, kuma John Backus ya zo da irin wannan tsari a 1959, Peter Naur ya gyara shi don ALGOL 60. Daga nan sai ya faɗa cikin alamomi. Ɗalibi kan haddace su don jarrabawa, ba tare da ya gane cewa abin ba baƙonsa ba ne. Wanda ya karanta Ajurumiyya ko Alfiyyar Ibn Malik a zaure ya riga ya yi li'irabi, ya san kowace kalma da gurbinta. Haka kuma wanda ya karanta nahawun Hausa na M. K. M. Galadanci na 1976 ya san yadda ake feɗe yankin suna.

Ga misali. Idan aka ce "Audu ya ga Bala ya gudu", wane ne ya gudu? Jimlar tana ɗaukar bishiyar li'irabi biyu, kuma mai sauraro yakan warware ta daga yanayin magana. Kwamfuta ba ta da wannan dama. A ɗauki ɗan kasuwar Kantin Kwari mai yadi 2 a ware da turmi 3 na atamfa, kowanne yadi 6. Lissafin 2 + 3 × 6 yadi 20 ne. In aka fara da tarawa sai ya zama 30, an ƙirƙiro yadi 10 da babu su a shago. Dalilin da ya sa dole nahawun harshen kwamfuta ya tsayar da bishiya ɗaya tak ke nan. A nan ne kuma kamar da ke tsakanin nahawun biyu ta tsaya, domin harshen ɗan'adam yana jure harshen damo, har mawaƙa na ado da shi.

5.0 Kammalawa

Adalci shi ne a ce laifin ba na Sebesta ba ne shi kaɗai, tun da ba don ɗan Fagge ya rubuta ba. Laifin yana wuyanmu in muka miƙa littafin yadda yake. Shawarar wannan takarda ita ce masana kwamfuta da masana harshe na Jami'ar Bayero su haɗa kai su samar da ɗan littafin rakiya cikin Hausa, wanda zai fara da li'irabin jimlar Hausa kafin ya kai ga alamomin Backus. Muddin ba a yi haka ba, za mu ci gaba da yaye ɗaliban da suka san nahawu biyu, amma ba su san dangin juna ba ne.