Daga tafin hannu zuwa bangon zaure: sharhi a kan jefa bidiyo a talabijin

A cikin manhajojin kallo na wayar salula akwai wata ƴar alama da take zaune a kusurwar sama, siffar akwatin talabijin da waɗansu ƴan layuka masu lanƙwasa a gefensa. Idan aka taɓa ta, hoton da ke cikin tafin hannun mutum ɗaya sai ya tashi ya koma kan babban allo, inda kowa zai iya gani. Hausa ba ta tsayar wa wannan aiki da suna ba tukuna. Kalmar "tura" ta riga ta zama ta kwafe fim daga waya zuwa waya, "haskawa" kuwa ta majigi ce. Saboda haka a wannan sharhi za a kira shi jifa, domin kalmar tana ɗauke da hannu, da nisa, da kuma wurin da abin zai faɗa.

Masu sayar da na'ura suna tallata jifa a matsayin sauƙi kawai. Ga malamai da shugabannin ƙungiyoyin raya al'adu, maganar ta wuce sauƙi. Shekaru fiye da goma ke nan waya tana janye kallo daga dandali tana mayar da shi ƙuryar ɗaki, ga kuma wata dabara ta zo tana mayar da shi gaban jama'a. Amma taron da ta dawo da shi ba irin na da ba ne, kuma ya kamata a san inda suka bambanta.

Nijar ta san talabijin ne a matsayin abin taro tun kafin ta san shi a matsayin kayan ɗaki. A 1964 aka fara gwajin talabijin na makaranta da haɗin gwiwar Faransa, inda yara suke zama gaban allo guda a cikin aji, malami yana tsaye a gefe yana bi da su. Daga wannan tushe ne Télé Sahel ta fito a 1979, aka kuma kai akwatuna masu aiki da hasken rana cikin ƙauyuka domin kallon gayya. Wanda ya taso a wancan zamani ya san yadda unguwa take cika gaban akwati ɗaya ranar wasan kwaikwayon su Yazi Dogo, ko lokacin kokawar takobi, wadda aka fara a Tawa a 1975. Bayan haka kaset ya zo. Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta yi a Kano a 1990, ya buɗe ƙofar finafinan Hausa na bidiyo, kuma ba a daɗe ba gidajen kallo na zana da benci suka bazu daga Maraɗi zuwa Damagaram. A duk waɗannan matakai akwai abu guda da bai sauya ba: kowa ya san wanda ya zaɓi abin da ake kallo. Ko hukuma ce, ko mai gidan kallo ne da ya rubuta sunan fim da alli a bakin ƙofa, ko maigida ne da ya sayo kaset a kasuwa. Ana iya yi masa ƙorafi, ana iya ƙaurace masa.

Domin fahimtar abin da ya sauya, sai an duba yadda jifan yake aiki, gama abu uku ne mabambanta ake kira da suna ɗaya. Na farko shi ne madubi, wato talabijin ta kwaikwayi fuskar waya gaba ɗaya. Tsarin Miracast, wanda ya fito a 2012, haka yake yi, kuma ba ya bukatar intanet, domin wayar da akwatin suna magana kai tsaye. Aibinsa shi ne ba ya rufa asiri: saƙon da ya shigo zai bayyana a bango da sunan wanda ya aiko, kira kuma zai katse fim a tsakiyar magana. Na biyu shi ne irin na Chromecast, ɗan abin da Google ya fitar a 2013 a kan dalar Amurka 35, ana soka shi a bayan talabijin. A nan wayar ba ta aika hoto ko kaɗan. Adireshin bidiyon kawai take miƙawa, akwatin ya je intanet ya ɗauko da kansa, ita kuwa ta koma abin latsawa daga nesa. Wannan ya fi tsabta, amma yana bukatar wifi mai ƙarfi a gida, abin da ba kowane gida ke da shi ba a Tawa ko Tasawa. Na uku shi ne jefa fim ɗin da ya riga ya kwanta a cikin waya ko kwamfuta, kamar yadda manhajar VLC ta fara yi a sigarta ta 3.0 a 2018. A nan wayar ce rumbu, tana ɗebo fim tana miƙa wa akwatin kaɗan-kaɗan, kuma idan akwatin bai gane tsarin fim ɗin ba, dole a sake masa tufa nan take, aikin da ke cin batir yana sa hoto tsalle.

Wannan hanya ta uku ita ta fi dacewa da halin kallo a ƙasar Hausa, inda fim yake yawo daga hannu zuwa hannu ta Xender da katin ajiya ba tare da ya bi ta intanet ba. VLC kanta ta cancanci a tsaya a kanta. Ɗalibai ne suka fara ta a makarantar École Centrale ta birnin Paris a 1996, aka sake ta kyauta ga kowa a 2001, kuma har yau ba ta ɗauke da talla. Sai dai jifan da ta kawo a 2018 ya zo da wani giɓi da ya shafi malamai kai tsaye: fassarar da ake rubutawa a ƙasan hoto ba ta bin fim zuwa allo idan tana cikin fayil nata daban. Malamin da ya so ya nuna wa ɗalibansa Le Wazzou polygame na Oumarou Ganda, fim ɗin da ya ci babbar kyautar FESPACO a 1972, bai nemi hoto kaɗai ba, ya nemi harshen ya isa ga wanda ba ya jin Zabarmanci. Injiniyoyin da suka tsara jifa sun fara da hoto da sauti, suka bar rubutu a baya, domin a tunaninsu ƙari ne. A ƙasar da aji ɗaya yake haɗa masu harsuna uku ko huɗu, rubutun nan rabin fim ne.

Babban abin da jifa ya fallasa kuwa shi ne finafinan kansu. Tun daga wajen 2020, lokacin da shirye-shirye masu dogon zango irin su Izzar So da Labarina suka mamaye kallo, masu shirya finafinan Hausa sun san cewa mafi yawan masu kallonsu a waya suke, kuma da yawa daga cikinsu sun daidaita aikinsu da hakan. Fuska ta cika hoto, wuri ya ragu, magana ta yi yawa, kyamara ba ta cika ja da baya ta nuna gari ko gona ba. A allo mai faɗin tafin hannu wannan ba laifi ba ne, hikima ce. Amma da zarar an jefa shi a bango sai abubuwan da ƙanƙantar waya ta ɓoye su fito fili: bangon da aka yi wa fenti rabi, fitilar da ta ƙone goshin ɗan wasa, ɗaki ɗaya da aka mayar ofis da falo da asibiti ta hanyar sauya labule. Lissafin ma a bayyane yake. Bidiyon da aka matse zuwa layi 360 domin tattalin kuɗin intanet yana da ɗigon hoto 230,400, alhali allo mai layi 1080 yana da 2,073,600. Ke nan kowane ɗigo ɗaya sai an shimfiɗa shi ya rufe wurin tara, shi ya sa fuskar jaruma take narkewa kamar an zana ta a kan rigar da ta jiƙe. Sauti ma haka: abin da kunne ya yafe a cikin ƴar igiyar sauraro, lasifikar talabijin ba ta yafewa. Bidiyon da aka ɗauka a tsaye kuwa sai ya tsaya a tsakiyar allo kamar baƙo a bakin ƙofa, da duhu a dama da hagu.

Ta wannan fuska jifa alheri ne ga masu nazari, domin yana raba aikin da aka yi da kula da wanda aka yi da gaggawa. Shirin da aka tsara tun farko domin tashar talabijin, kamar Daɗin Kowa na Arewa24, ya saba da babban allo, ba ya jin kunyarsa. Tsofaffin finafinan su Ganda da Moustapha Alassane, waɗanda aka ɗauka domin majigi, waya tana zaluntarsu, bango ne yake mayar musu da haƙƙinsu, muddin an sami kwafi mai kyau.

Akwai kuma wata jarrabawa da ta fi ta ido tsanani, ita ce ta kunya. Abin da aka rubuta domin mutum ɗaya mai kallo a ɓoye yana da ƴancin da abin kallon gayya ba shi da shi. Idan yaro ya jefa shi a falo, inda uwa da suruki da ƙanne suke zaune, sai a ji shiru ya sauka a wuraren da marubucin bai yi tsammani ba. Wani lokaci shirun nan hukunci ne na gaskiya a kan batsa da aka cusa domin jan masu latsawa. Wani lokaci kuma asara ce, domin akwai maganganu a kan auren dole da sakin wulaƙanci da yarinya za ta iya saurara ita kaɗai amma ba za ta ɗaga kai ta kalla gaban ubanta ba. Masu cewa komawa kallon gayya zai gyara tarbiyya sun faɗi rabin magana ne.

Sai batun wanda ke riƙe da linzami. A da nesa-latsa tana hannun babba. Yanzu tana cikin wayar wanda ya iya haɗa na'urorin, kuma sau da yawa shi ne ƙarami a gidan. Wannan ba abin tsoro ba ne a kan kansa. Abin lura shi ne, idan daga YouTube aka jefa, ba yaron ba ne ma yake zaɓen abin da zai biyo baya. Fim yana ƙarewa wani zai hau da kansa, bisa lissafin abin da mai wayar ya saba kallo a keɓe, da abin da kamfanin ya ga zai tsare ido. Taro ya dawo, amma mai tsara shirin dare ba ya cikin zauren, ba shi da suna a bakin ƙofa, ba a kuma iya kiransa a yi masa faɗa. Duk da haka akwai wani ɓangaren da adalci ya sa a ambata: kallon da aka yi ta YouTube yana ƙirguwa, yana iya kawo wa mai fim kuɗin talla, alhali fim ɗin da aka kwafo a kati aka jefa ta VLC, ko mutum ɗari suka kalla, ko dala ba ta isa ga waɗanda suka yi shi. Hanyar da ta fi ba mai kallo ƴanci ita ce ta fi barin ɗan wasa da yunwa.

Ƙungiyar da ke shirin kashe kuɗinta a kan waɗannan na'urori ta kuma san cewa ƙofar ba tata ba ce. Google ya daina ƙera Chromecast a 2024, bayan ya sayar da fiye da miliyan 100. A watan Maris na 2025 na'urorin zubi na biyu suka tsaya cik a duniya baki ɗaya na ƴan kwanaki, saboda wata takardar shaida da ke cikinsu ta ƙare aiki, ba don wani abu ya lalace a hannun masu su ba. A ƙarshen shekarar kuma Netflix ya cire jifa daga waya zuwa mafi yawan sababbin akwatuna. Abin da aka ba mutum ta sabunta manhaja, ta nan ake iya karɓe shi.

Ga ɗakin karatu ko gidan matasa da ke son shirya daren kallo, igiyar HDMI daga kwamfuta zuwa talabijin har yanzu ta fi jifa aminci: tana ɗaukar hoto da sauti da fassara gaba ɗaya, ba ta tambayar intanet, ba ta nuna saƙon kowa. Wurin da jifa ya fi ta shi ne bayan an gama fim, lokacin muhawara, inda ɗalibi zai iya tashi daga bencin baya ya jefa minti biyu na wasan da ajinsu ya ɗauka da waya, ko waƙar da ya naɗo a bakin wata tsohuwa a ƙauyensu, kowa ya gani a bango ɗaya da aka nuna Ganda. Talabijin na makaranta na 1964 bai taɓa ba ɗalibi wannan dama ba, domin hotonsa daga Yamai kawai yake fitowa.