Faifan Garmaho a Ƙasar Hausa: An Riƙe Waƙa, An Saki Faifai

A shekarar 2022 an sayar da faya-fayen garmaho kimanin miliyan 41 a Amurka, suka zarce na sidi a karo na farko tun 1987. Kayan da aka yi wa kallon tsohon yayi ya farfaɗo, har ya samu masu tara shi da masu farautarsa ƙasa-ƙasa. A Kazaure ko Babura kuwa, saurayin da ke son jin Shata wurin mai turi zai nufa, a zuba masa waƙoƙi cikin memori a kan kuɗi kaɗan. Da wuya ya san cewa wasu daga cikinsu a kan baƙin faifai suka fara fitowa kasuwa.

Faifan farko mai nauyi ne, mai saurin fashewa, yana zagaye 78 a minti, kowane gefe yawanci bai wuce minti uku da 'yan kai ba. Da hannu ake wana garmahon, allurarsa ta ƙarfe kuma sai an yi ta sauyawa don saurin dakushewa. A 1948 kamfanin Columbia ya fito da babban faifan roba mai ɗaukar kusan minti ashirin a gefe guda, RCA ya biyo da ƙarami mai zagaye 45 a 1949. A Nijeriya, EMI da Decca da Philips ne suka riƙe harkar daga Legas, kuma EMI ya fitar da faya-fayen Alhaji Mamman Shata da na Ɗanmaraya Jos.

Faifai ya taɓa waƙar kanta. A gidan biki ko ƙofar fada, waƙar Bahaushe ba ta san agogo ba. Makaɗi yana cikin wasa wani, sai wani mai kyauta ya shigo fili, sanƙira ya yi shela, a saƙa sunansa a baiti na gaba. A ɗakin ɗaukar murya babu mai liƙi, babu mai guɗa, ga injiniya yana nuna lokaci ya kusa cika. Dole mawaƙi ya zaɓi ɗiyan da zai sa da waɗanda zai bari. Ɗanmaraya, shi kaɗai da kuntiginsa, yana rera gajerun waƙoƙi kan zaman aure da sana'o'in talaka, tamkar don faifai aka yi salonsa. Shata mai kalangai da 'yan amshi, wanda yakan ƙirƙiri baiti nan take, shi ne faifai ya fi matse wa. Daga baya kuma rerawar da aka ɗauka ita jama'a suka haddace, har ta zama ita ce waƙar a wurinsu, alhali ɗaya ce cikin rerawa da yawa.

Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura duk a cikin Jihar Kano suke kafin a ƙirƙiri Jigawa a 1991, kuma a lokacin daga kantunan Kano garmaho da faya-fayensa suke fitowa, su bi hanyar Daura. A wancan zamani garmaho kayan masu hali ne: hakimi, ma'aikacin En'e, malamin makaranta, attajiri. Mutum ɗaya ke saye, unguwa guda ke saurare a zaure. Mafi yawan mutanen karkara ma ba su taɓa riƙe faifai ba, ta Rediyon Kaduna waƙar take iso musu, a shirye-shirye irin su Zaɓi Sonka.

Yanayin ƙasar ma bai raga wa faifai ba. Zafin bazara a ɗakin kwano yana lanƙwasa shi, ƙurar hunturu tana cika siraran layukansa, ƙarzuwa ɗaya kuma ta isa ta sa allura ta yi ta maimaita wuri guda.

Kaset, wanda Philips ya ƙera a 1963, shi ya ƙarasa aikin. Yana da araha, rakoda tana aiki da batir, direba yana sa shi a mota, kowa kuma yana iya kwafa. Kasuwar Ƙofar Wambai a Kano ta zama cibiyar kwafi da rarrabawa zuwa garuruwa har cikin Nijar. Waƙoƙin suka tsira ta wannan hanya, daga kaset zuwa sidi zuwa waya. Abin da ya zube a hanya shi ne bayanin da ke jikin faifai da kwalinsa: sunan kamfani, lambar faifai, hoton mawaƙi, jerin waƙoƙi, wani lokaci har shekara. Shi ya sa yau ake muhawara kan lokacin da aka yi waƙa kaza, kowa na kafa hujja da tunanin dattijo.

Masu farautar faifai daga Turai sun shigo Nijeriya sosai, musamman bayan da kamfanin Strut ya fitar da tarin Nigeria 70 a 2001, Soundway da Analog Africa suka biyo baya. Sai dai kiɗan rawa na Legas da Onica suke nema, mai jita da ƙaho, wanda ake jin daɗinsa ko ba a san harshen ba. Armashin waƙar fada da ta jama'a a cikin magana yake, a kirari da zambo da habaici, wanda bai jin Hausa kuwa kalangu kawai zai ji. Don haka ba a yi rububin faya-fayen Hausa kamar na Fela ba, kuma a gida ba a samu masu tarawa da yawa da za su ba su daraja ba.

Inda Hausa ta shiga sabuwar kasuwar, ta wata ƙofa ta shiga. A 2013 kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake buga kiɗan Mamman Sani na Nijar, wanda a kaset ya fito a 1978, ya kuma fitar da Harafin So, tarin waƙoƙin finafinan Hausa. Waƙoƙin da aka haɗa da fiyano da kwamfuta a situdiyoyin Arewa, aka saba jin su a sidi da waya, su ne aka buga a faifan garmaho don masu saye a Amurka da Turai.