Tsawo kaɗai ba ya jefa ƙwallo a kwando

A zaɓen sabbin ƴan wasan NBA na 2009, Memphis ce ta biyu a layi. Ta ɗauki Hasheem Thabeet ɗan Tanzaniya saboda tsawonsa, mita 2,21, ta tsallake James Harden da Stephen Curry. Thabeet bai yi nisa ba, Curry kuwa kofi huɗu ya ci. A 2016 sai a lamba ta 27 Toronto ta ɗauki Pascal Siakam ɗan Kamaru, 2019 ya ɗaga kofi.

To ƴan uwa, mu ma a Wadata hakan muke. Dogo ya shigo fili, kowa "namu ne!" Gajeren da ke atisaye tun asuba kuwa sai benci. Don Allah a riƙa duba hannu da naci kafin tsawo.