Sunayen Gumaka cikin Sunayen Garuruwan Kan'ana

Marubutan Ibraniyawa sun ƙi jinin Ba'al ƙwarai. Ɗan Sarki Saul, wanda Littafin Tarihi ya kira Eshba'al, a Littafin Sama'ila an mai da shi Ishboshet, watau mutumin kunya. Amma garuruwa sun gagari alƙalaminsu. Bet-shemesh, gidan rana, da Bet-anat, ɗakin gunkiya Anat, suna nan cikin Littafin Joshuwa yadda aka gaje su. Littafin Ƙidaya 32:38 ya ce an sake sunan Nebo da Ba'al-meyon, duk da haka bai faɗi sababbin ba. Dalili kuwa, surorin nan na rabon gado ne, wanda ya taɓa sunan gari ya rikita iyaka. Saboda haka kada malami ya ɗauki suna hujjar addinin mazauna. Shaidar magabatansu ce.