Satar Fasaha a Mujallun Ilmi: Inda Awon Na'ura Ya Gaza

Tun shekarar 2008, sa'ad da ƙungiyar Crossref ta fito da tsarin CrossCheck, wanda aka sake wa suna Similarity Check a 2016, editocin mujallun ilmi da yawa suka ɗauki wata al'ada. Kafin a miƙa maƙala ga masu tantancewa, sai a zuba ta cikin manhajar iThenticate, ita kuwa ta gwada ta da ɗimbin rubuce-rubucen da ke rumbunta, ta faɗi kashi nawa cikin ɗari ya dace da na wani. In lissafi ya yi ƙasa, a ce maƙala ta kuɓuta. In ya yi sama, a mayar wa mai ita. Ba a musun amfanin wannan dabara, gama ta tona asirin ragwaye masu kwafe shafi ɗungum. Abin suka shi ne yadda waɗansu editoci suka mai da awo ya zama hukunci.

Ga mai nazarin harshe, aibin a fili ya ke. Asalin aikin manhajar shi ne gwada jerin kalmomi da jerin kalmomi, alhali kuwa abin da a ke sacewa tunani ne, tunani kuwa yana iya sake riga. A 2021 Guillaume Cabanac na Jami'ar Tulus a Faransa, da Cyril Labbé, da Alexander Magazinov, suka nuna yadda a ke bi da rubutun sata ta cikin wata na'ura mai musanya kowace kalma da mai kama da ita, don kada awo ya kama shi. Ta haka sunan da likitoci ke kiran sankarar mama ya koma wani abu mai ma'anar "haɗarin ƙirji". Irin waɗannan maƙalu sun fito a mujallun manyan kamfanonin ɗab'i. Watau sun wuce na'ura, sun kuma wuce mutanen da aka ce sun karanta su, wannan na biyun shi ne abin kunya.

A fagen nazarin Hausa matsalar ta fi haka tsanani. Wanda ya ɗauki babi daga littafin nahawu na Turanci ya juya shi da Hausa, kalmominsa ba za su dace da na asalin ba ko ɗaya, ga shi kuwa bai ƙara kome na kansa ba. Sa'an nan kundayen digiri masu yawa suna nan a kan takarda cikin ɗakunan karatu na sassa, ba su taɓa shiga wani rumbu ba. Mai kwasa daga cikinsu ba ya tsoron awo. A ɗaya gefen kuma, mai gaskiya da ya kawo baitocin waƙa ko karin magana don ya yi musu sharhi, ya kuma faɗi inda ya samo su, shi ne lissafinsa zai hau, domin ba shi da ikon sauya lafazin mawaƙi.

Ba daga Turai aka fara sanin haƙƙin mai ilmi ba. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi sukutum, Ida'un Nusukh, don ya lissafa malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu. Bambancin aro da sata ke nan: mai aro yana ambaton mai kaya.

Ƙungiyar COPE, wadda editocin mujallun likitanci suka kafa a Ingila a 1997, ta bar hukunci a hannun edita: ya binciki zargi, ya nemi bayanin marubuci, in laifi ya tabbata bayan an buga, ya janye maƙalar a bainar jama'a tare da faɗin dalili. Wannan mataki na ƙarshe shi ya fi wuya ga mujallar sashe, inda edita da marubuci su kan zama abokan aiki, ko malami da almajirinsa. Saboda haka ya fi kyau a aika maƙala ga mai tantancewa na wata jami'a, wanda ya san littattafan fannin da harsunan da aka rubuta su, ya kuma taɓa buɗe tsofaffin kundaye. Rahoton na'ura kuwa a ba shi tare da maƙalar, ya duba wuraren da aka yi wa alama ɗaya bayan ɗaya.