Lasifika a Filin Ajo: Sharhi kan Kiɗan Biki a Galadi da Kewayenta

Manufar wannan 'yar takarda ita ce duba yadda ake girka kayan sauti a bukukuwan aure da ake yi a fili, musamman ajo, a Galadi da sauran garuruwan ƙasashen Shinkafi da Zurmi da Ƙaura Namoda. Ba shigowar lasifika nake suka ba. Abin da nake suka shi ne yadda masu ba da hayarta ke kafa ta, domin a ganina tsarin nasu yana rusa abin da waƙar baka ta ginu a kansa, wato sauraren juna tsakanin jagora da 'yan amshi da masu ganga.

Wannan yanki ba baƙon kiɗa ba ne. Daga nan Ibrahim Narambaɗa ya fito, mutumin Tubali, makaɗin kotso na Sarkin Gobir na Isa Ahmadu. A nan kuma Kassu Zurmi ya yi suna wajen 'yan tauri da mafarauta. Duk wanda ya saurari waƙoƙin Narambaɗa da gidajen rediyo ke sakawa zai lura cewa muryarsa ba ta danne ta yaransa. Yakan ɗauko ɗan waƙa, su karɓe, su ƙarasa masa, wani lokaci su yi ƙari kafin a koma gindi, kotsanni kuwa suna ƙasa-ƙasa suna riƙe da rauji. Waɗannan su ne sassan da Sa'idu Muhammad Gusau ya fayyace a littafinsa Jagoran Nazarin Waƙar Baka na 1993. Makaɗan biki, duk da ba na fada ba ne, wannan gini suka gada.

To, yaya lamarin yake a filin ajo? Galibi makirfo ɗaya ake kawowa. Idan ba ta hannun jagora, tana hannun sanƙira, wanda aikinsa shelar wane ya ba da kaza. 'Yan amshi uku ko huɗu suna bayansa suna ta ƙoƙari, amma bakinsu kawai ake gani yana motsi. Ke nan an yanke rabin waƙar, domin karɓi ba ado ba ne, sau da yawa a cikinsa ma'anar ɗan waƙa take cika.

Kalangu ya fi kowa cutuwa. Ganga ce mai magana. Makaɗi yana matse tsirkiyarta a hammata ko ya sassauta, sauti ya hau ko ya sauka daidai da karin harshen Hausa, har dattijo ya gane takensa ba tare da an kira sunansa ba. Ita kuwa lasifika mai siffar mazurari, irin wadda ake ɗaurawa a masallatai da tashoshin mota, don magana aka ƙera ta, ba ta ɗaukar sauti mai kauri. Idan aka ƙure mata murya, aka kuma ƙara amsa-kuwwar nan da yaran haya ke ƙauna, sai bugu ya hau kan bugu, take ya koma hayaniya. Bugu da ƙari, akan ɗaure ta a kan itace tana fuskantar gari, don a san gidan wane ana biki. Mutanen unguwa ta uku sun fi mahalarta jin abin da ake faɗi. Janareta kuma yana gefen tabarma yana nasa kiɗan.

Akwai kuma waƙar amarya ta fiyano, wadda ta bunƙasa tare da finafinan Kano, ake rera ta a situdiyo da sunan ango da amarya, a kawo ta a 'yar memori. Wasunsu suna da daɗi ƙwarai. Aibinsu ɗaya: na'ura ba ta da ido. Makaɗi yakan hango kawun ango ya shigo fili, nan take ya sako shi da kakanninsa da gonarsu, shi kuwa ya sa hannu a aljihu. Da irin wannan ne matasa ke jin tarihin gidajensu.

Sai dai dole a yi wa iyayen biki adalci. Na'ura ta fi tawagar makaɗa araha. Tun da shari'a ta fara aiki a Jihar Zamfara a watan Janairun 2000, gidaje da yawa sun fi son taron mata zalla, inda ba sai maza makaɗa sun shiga ba. Rashin tsaron da ya addabi wannan yanki tun wajen 2011 kuma ya sa raba dare a fili ya zama kasada. Saboda haka na'ura ta zauna.

Gyaran da nake gani ba mai tsada ba ne. A tanadi makirfo uku: ta jagora, ta 'yan amshi, da ta uwar kalangu, sanƙira ya ari ta jagora idan an tsaya. A sauko da lasifika ta fuskanci jama'a, a kashe amsa-kuwwa, a kai janareta bayan katanga da doguwar waya. Kafin baƙi su zo, a sa makaɗi ya buga take guda, wani dattijo ya tsaya a ƙarshen fili ya faɗi na wane ne. In ya kasa, a rage murya a sake bugawa.