Waƙar Hausa Tsakanin Kyautar Ubangida da Kuɗin Mai Sauraro

A kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano, ko a bakin tasha a Zariya da Maraɗi, ba ka rasa saurayi zaune da kwamfuta a kan ɗan tebur, igiyoyin caji sun harɗe a gabansa. Ka miƙa masa memori, ya cika maka ita da Shata da Nura M. Inuwa da Ado Gwanja, ka biya kuɗin turawa ka kama gabanka. Ko sisi ba ya kaiwa ga mawaƙin, kuma daga mai turawa har mai saye babu wanda yake jin ya ci haƙƙin wani.

Wannan rashin jin laifi yana da asali. Makaɗin Hausa bai taɓa rayuwa da sayar da waƙa ɗai-ɗai ba. Narambaɗa yana da Sarkin Gobir na Isa, Ɗanƙwairo yana da sarakunansa, kuma ladan waƙa doki ne da riga da hatsi, daga baya mota da kujerar Makka. Iya nisan da waƙa ta yi, iya ɗaukakar da ubangida ya samu, iya kyautar da za ta biyo baya. Saboda haka wanda ya yaɗa waƙa taimakon makaɗi ya yi. Da wannan tunani muka shiga zamanin kaset da faifai, lokacin da 'yan kasuwar Ƙofar Wambai ke riƙe da harkar, mawaƙin fim kuma ya sayar wa furodusa waƙarsa sau ɗaya, ya karɓi abin da aka ba shi, shi ke nan. Da memori da manhajar Xender suka zo, ɗan cinikin faifan ma ya mutu.

Abin da ke damuna shi ne irin waƙar da wannan tsari ke haifarwa. Mawaƙin da mai sauraro ba ya biyansa, dole ya nemi wanda zai biya, kuma a yau masu biyan biyu ne: masu biki da 'yan siyasa. Shi ya sa yaro mai baiwa, wanda zai iya yi wa manomi ko marar lafiya ko ɗan gudun hijira waƙar da za ta daɗe, yake ƙarewa a jero sunayen dangin amarya, ko jiran kakar zaɓe ya wasa ɗan takara. Ba na ganin laifinsa, iyali gare shi. Amma hasarar tamu ce, mu masu sauraro.

Doka dai akwai ta. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023, ta ba mai waƙa damar neman a sauke aikinsa daga intanet idan an ɗora ba da izininsa ba. Sai dai ni a ganina, farautar masu turawa a kasuwa ɓata ƙarfi ne. Ɓarnar da ta fi girma tana wajen masu buɗe tasha a YouTube su tara waƙoƙin mutane, su sa hotonsu, kuɗin talla yana shiga aljihunsu.

A intanet ɗin ne kuma mafita take, ko da yake ƙofarta ƙarama ce. YouTube ba ya fara raba kuɗin talla sai tasha ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo. Spotify, wanda ya shigo Najeriya a 2021, tun 2024 ba ya biyan waƙar da ba a saurara sau 1,000 a shekara ba. Talla a kan mai kallo daga Kano ba ta kai ta mai kallo daga Ingila kuɗi ba, don haka Hausawan da ke zaune a ƙasashen waje suna da nauyi a wannan lissafi. Duk da haka, yadda "Jaruma" ta Hamisu Breaker ta game gari a 2020 ya nuna jama'ar nan suna da yawan da za su riƙe mawaƙi ba tare da wani Alhaji ba, in dai sauraron nasu yana bi ta inda ake ƙirga shi.

Inda muka fi rauni shi ne takarda. Waƙa ɗaya, akwai wanda ya rubuta, da wanda ya rera, da mai kiɗa a situdiyo, da 'yar amshi, da furodusan da ya biya kuɗin ɗauka, kuma galibi duk a kan amana aka rabu. Ranar da kuɗi ya fara shigowa, rigima ta tashi, kamfanin da ke raba waƙa a intanet kuwa shaida yake nema, ba ya jin rantsuwa. Yarjejeniyar shafi ɗaya da aka sa wa hannu kafin a fita daga situdiyo ta isa ta kashe yawancin wannan rigima.

Haka ma waƙoƙin magabata. Dokar ta kare waƙa har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, Shata kuwa ya rasu a 1999, Ɗanmaraya Jos a 2015. Waƙoƙinsu suna nan birjik a tashoshin mutanen da ba su haɗa komai da su ba, alhali magadansu ne doka ta ba haƙƙin, kuma suna da ikon su yi rajistar waƙoƙin su nemi kuɗin.